Haruffa nawa ne cikin «tsuntsu»?

Ran Talata da safe malam ya kawo kwamfuta cikin aji. Ya rubuta kalmar tsuntsu a allo, ya ce a ƙidaya haruffanta. Rabi ta ƙidaya da yatsu: ts, u, n, ts, u. Ta ce 5 ne.

Malam ya ce: «To, bari mu tambayi kwamfuta.»

Kwamfuta ba ta karanta kalma gaba ɗaya kamar mutum. A wurinta kalma jerin alamomi ce, ɗaya bayan ɗaya, kamar ramukan shuka a gona. Mai shuka yakan tsaya bakin rami, ya jefa iri, ya rufe da diddige, ya matsa gaba. Aiki ɗaya yake ta maimaitawa har ramuka su ƙare. Haka kwamfuta take bin haruffa. Wannan maimaici shi ake kira zagaye.

Malam ya rubuta mata umurni da harshen Python, wanda wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a shekara ta 1991:

kalma = "tsuntsu"
adadi = 0
for harafi in kalma:
    adadi = adadi + 1
print(adadi)

Layi na uku shi ne zagayen. Ma'anarsa: ga kowane harafi na cikin kalma, a yi aikin da ke ƙasa. Aikin kuwa shi ne a ƙara 1 bisa adadi. Layin ƙarshe yana nuna amsa.

Malam ya danna maɓalli, sai 7 ta fito. Aji ya ɗauki surutu. Lawali ya yi dariya, ya ce: «Rabi ta faɗi! Ai kwamfuta ba ta kuskure.»

Rabi ta ce: «Malam, ni dai 5 na gani. Bara aka koya mana ts baƙi ɗaya ne mai goyo.»

Malam ya ce gaskiyar Rabi ce. Kwamfuta ba ta san Hausa ba. Ta ga t ta ƙidaya, ta ga s ta ƙidaya, don ba wanda ya gaya mata tare suke tafiya. Dole a sa ta riƙa tuna harafin da ta baro a baya. Sai ya gyara umurnin:

kalma = "tsuntsu"
adadi = 0
baya = ""
for harafi in kalma:
    if baya + harafi not in ("ts", "sh"):
        adadi = adadi + 1
    baya = harafi
print(adadi)

Yanzu, kafin ta ƙara 1, sai ta haɗa harafin baya da wanda take kai. In haɗin ya ba da ts ko sh, ta wuce ba ta ƙidaya ba. Wannan karo 5 ta fito.

Lawali bai yarda ba tukuna. Ya sa shanu, ya sami 4. Ya sa gyaɗa, sai ga 5, alhali 4 ne. Ya ɗaga hannu da sauri. Malam bai taɓa kome ba, ya ce kowa ya zo da gyaran gobe.

Tambayoyi

1. Don me kwamfuta ta fara samun 7?
2. Me za a ƙara cikin umurnin don gyaɗa ta ba da 4?
3. A bi zagayen da alli a allo, harafi bayan harafi, da kalmar tsatsa.