Kafin Ka Jera Kwamfutocin Nan

Ɗana, na ji kana shirin buɗe wurin koyon kwamfuta a Gwarzo, kana hangen ɗaliban Makarantar Nazarin Muhalli, da na makarantar tarayya ta Kabo, da yaran JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake zana ta. Allah ya sa albarka. Ka lissafa janareta da kujeru, amma ban ji ka ambaci lasisin Windows ba.

In ka shiga Kano sayen 'yan gwanjo, kada kyan jiki da sauƙin kuɗi su ɗauke maka hankali. Ka sa mai shago ya kunna kowace ɗaya a gabanka, ya nuna maka ko Windows ɗinta halastacce ne, kuma Home ne ko Pro. Ga dalili. Microsoft na sayar wa 'yan kasuwa lasisi a kan sari, amma sarin Windows ƙari ne a kan wanda injin ya zo da shi. Dole a tarar da halastaccen Pro a ƙasa. Home bai isa ba ga ɗan kasuwa. Wanda ya ɗora fasasshe da niyyar gobe sari ya rufa masa asiri, gini ya tayar babu harsashi.

Tsarin Enterprise Agreement daga kwamfuta 500 yake farawa, wannan na bankuna ne. Naka shi ne Open Value: lasisi biyar sun isa, yarjejeniyar shekara uku, biya shekara-shekara. Tsohon Open License an rufe wa 'yan kasuwa shi tun Janairun 2022, don haka wanda ya tallata maka shi ka yi hattara. Akwai kuma biyan wata-wata ta hannun dillalan kamfanin, sai dai ni ina tsoronsa ga mai ƙaramin jari, domin kuɗin ɗalibai ba kowane wata suke shigowa ba.

Windows 10 kuwa an daina yi masa gyaran tsaro na kyauta a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma a ƙa'ida Windows 11 ba ya hawa injin da ba shi da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Ka tambayi wannan kafin ciniki ya faɗa. Tsofaffin da suka gaza, ka ɗora musu Ubuntu, kyauta ne kuma halal, ya ishi mai koyon buga rubutu.

Rasit kuma, a rubuta shi da sunan shagonka, tare da lambar kowane inji.