BABI NA TARA: MOTOCIN TARIHI DA DOKOKIN GWAJIN HAYAƘI

9.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazarin yadda wasu ƙasashen Turai da Amurka suke ɗauke wa tsofaffin motoci gwajin hayaƙi, da dalilan yin haka, da kuma muhawarar da ta biyo baya. Ana sa ran a ƙarshen babin ɗalibi zai iya bambanta ire-iren wannan rangwame, ya kuma fahimci yadda ma'anar da doka ta ba kalma guda, wato "tsohuwa", take shafar iskar da jama'a ke shaƙa.

9.1 Ma'anar Motar Tarihi

Ba kowace tsohuwar mota ce motar tarihi ba. Akwala mota ce da ta tsufa ta gaji, amma ana ci gaba da wahalar da ita don babu halin sayen wata. Ita kuwa motar tarihi, an adana ta ne saboda ƙirarta ko ƙarancin irinta, ana kula da ita yadda kamfani ya fito da ita, ba a cika hawanta ba sai ranar biki ko baje koli. Wahalar da masu tsara doka ke fuskanta ita ce, shekarun haihuwa kaɗai ba su raba waɗannan motoci biyu.

9.2 Asalin Gwajin Hayaƙi

A farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai mai suna Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon da ke turnuƙe birnin Los Anjeles, mai sa idanu zafi da ƙirji nauyi, yana samuwa ne idan hasken rana ya haɗu da hayaƙin motoci da na masana'antu. A 1970 Amurka ta ƙarfafa Dokar Tsabtace Iska, daga 1975 kuma aka fara sanya wa mafi yawan sababbin motoci na'urar tace hayaƙi a jikin salansa. Jihar Kalifoniya ta soma shirinta na gwajin hayaƙi a 1984, inda ake auna mota duk bayan shekara biyu a mafi yawan yankunan jihar kafin a sabunta mata rajista. Nan take tambaya ta taso: yaya za a yi da motocin da aka ƙera kafin a san da waɗannan na'urori?

9.3 Ire-iren Rangwame

Rangwamen ya kasu gida biyu. Na farko shi ne mai tsayayyen lokaci, inda doka ke ambaton shekara guda ta ce motocin da suka riga ta sun kuɓuta. Na biyu shi ne mai tafiya da zamani, inda doka ke ƙayyade yawan shekaru, misali 30 ko 40, ta yadda kowace shekara wani sabon rukuni ke shiga ciki.

Kalifoniya ta ɗanɗana duka biyun. A 1997 ta kafa dokar rangwame na shekara 30 mai tafiya da zamani, amma a 2004 Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a kan dokar da ta soke shi. Tun daga lokacin, a cikin motocin fetur, ƙirar 1975 zuwa baya ne kaɗai aka ɗauke wa gwajin saboda tsufa.

Birtaniya kuwa ta bi akasin wannan hanya. Da can motocin da aka ƙera kafin 1960 ne kawai aka ɗauke wa gwajin shekara-shekara da ake kira MOT, wanda ya haɗa da auna hayaƙi. Daga watan Mayu na 2018 aka mayar da rangwamen ga duk motar da ta haura shekara 40, matuƙar ba a yi mata babban sauyi ba. Haka kuma motar da aka yi wa rajistar tarihi ba ta biyan kuɗin shiga yankin taƙaita hayaƙi na birnin Landan, wanda aka buɗe a 2019.

Jamus ta ɗauki matsakaiciyar hanya. Tun 1997 take ba motar da ta kai shekara 30 lamba mai harafin H a ƙarshe, amma sai ƙwararre ya tabbatar tana nan yadda aka ƙera ta, kuma an kula da ita. Irin wannan mota tana da damar shiga yankunan biranen da aka hana masu yawan hayaƙi, sai dai ba a ɗauke mata binciken lafiya na duk shekara biyu ba.

Ke nan motar fetur ƙirar 1980 ta cancanci lambar tarihi a Jamus tun 2010, ta kuɓuta daga MOT a Birtaniya a 2020, alhali a Kalifoniya ana ci gaba da auna hayaƙinta.

9.4 Muhawarar Ɓangarori Biyu

Masu goyon bayan rangwame suna cewa waɗannan motoci kaɗan ne, tafiyarsu kuma ba ta taka kara ta karya ba. Suna ƙarawa da cewa kayan gyaransu sun yi wuya, kuma garejin da ke da tsofaffin na'urorin auna su na ta raguwa. A ganinsu mota kayan tarihi ce kamar tsohon gini, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Masu adawa kuwa suna nuna cewa a kowace kilomita tsohuwar mota na fitar da gurɓataccen hayaƙi fiye da sabuwa nesa ba kusa ba. Babban tsoronsu shi ne rangwame mai tafiya da zamani, domin yana buɗe wa akwala ƙofar da aka yi don motar tarihi, masu shan wahalar kuma su ne yara da tsofaffi da masu ciwon asma da ke zaune a bakin manyan hanyoyi.

Wannan muhawara ta sake tasowa a 2025, sa'ad da Sanata Shannon Grove ta gabatar da ƙudurin faɗaɗa rangwamen a majalisar Kalifoniya, tare da goyon bayan Jay Leno, ɗan wasan barkwancin nan da ya shahara da tara motoci. Ƙudurin ya tsallake majalisar dattawan jihar, amma ya maƙale a wani kwamitin majalisar wakilai a watan Agustan shekarar.

9.5 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa dokar da ta dogara da shekaru kaɗai takan ƙuntata wa mai adana tarihi ko ta saki akwala. Wadda ta haɗa shekaru da sharaɗin kulawa, kamar ta Jamus, ta fi kusa da raba su.

9.6 Auna Fahimta

1. Mene ne bambancin akwala da motar tarihi?
2. Kwatanta rangwame mai tsayayyen lokaci da mai tafiya da zamani, tare da misalai.
3. A wace shekara motar da aka yi wa rajistar farko a 1992 za ta cika sharaɗin shekaru a Jamus da kuma Birtaniya?
4. Tsara muhawara ga ɗaliban ƙaramar sakandare a kan hujjojin da ke sashe na 9.4.