CIWON BAYA NA TSUFA: KADA KA KWANTA MASA

Darasinmu na yau a kan ciwon baya ne, irin wanda yake zuwa da shekaru, ya kuma ƙi tafiya. Idan ya wuce wata 3, likitoci sukan kira shi ciwo mai daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu. Saboda haka, kai mai noman doya a ƙauyukan Djougou, da ke mai ɗaukar kaya a ka a kasuwar Arzeke ta Parakou, ba ku kaɗai ba ne.

ME YAKE FARUWA A CIKIN BAYA?

Gadon baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33. Biyar na ƙugu su ne suka fi ɗaukar nauyin jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani abu mai taushi kamar matashi, mai riƙe da ruwa. Da shekaru suka yi nisa, ruwan yakan ragu, matashin ya lotse, gaɓoɓin su riƙa gugar juna. Wani lokaci hanyar jijiya takan ƙuntata, sai zafi ya gangara zuwa ƙafa.

Amma ka lura da wannan. Wani bincike na shekara ta 2015 ya duba hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwo ko kaɗan. Cikin 'yan shekara 80, an sami wannan lotsewa a jikin 96 cikin 100. Wato ita furfura ce ta cikin jiki. Idan hoto ya nuna ta, ba a ce bayanka ya karye ba, ba a kuma ce aikinka ya ƙare ba.

ABIN DA ZA KA YI

Da yawa sukan shimfiɗa tabarma su kwanta mako da makonni, suna jiran ciwon ya wuce. Kwanciya mai tsawo tana raunana naman da yake tallafar baya, ciwon kuwa sai ya ƙaru. Motsi shi ne babban magani.

1. Ka yi tafiya a ƙasa kowace rana. Fara da minti 10 da sanyin safiya, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

2. Kada ka daɗe a yanayi guda. Idan kana sunkuye da fartanya, ko kana zaune a kan benci, ka riƙa miƙewa. Tafiyar Parakou zuwa Djougou ta fi kilomita 130. Duk inda mota ta tsaya, ka sauka ka taka.

3. Idan za ka ɗaga kaya, ka lanƙwasa gwiwa, ka jawo kayan kusa da jiki. Buhu guda, a raba shi biyu.

4. Ka sa tsumma mai ɗumi a wurin na ɗan lokaci, ka kuma nemi isasshen barci. Damuwa da rashin barci suna ƙara zafin ciwo.

HATTARA DA MAGUNGUNA

Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi na 'yan kwanaki. Amma shan su kullum yakan ci ciki, ya taɓa ƙoda, ya hau da jini, musamman ga tsofaffi. Tramadol kuwa yakan kama mutum har ya kasa rabuwa da shi. A jagorar da ta fitar a watan Disamba na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki, ba ta kuma goyi bayan magunguna irin su tramadol ko ɗaura ɗamarar baya kullum ba. Kada ka sayi ƙwayoyi a tire a bakin hanya. Tambayi ma'aikacin lafiya.

YAUSHE ZA A GARZAYA ASIBITI?

Kada ka jira gobe idan fitsari ko bayan gida ya kuɓuce maka, ko fitsari ya ƙi fita. Idan tsakanin cinyoyinka ya mutu. Ko ƙafa ta soma rasa ƙarfi. Haka kuma idan akwai zazzaɓi, rama, da zufar dare, gama tarin fuka yakan kama ƙashin baya, yana kuwa da magani. Ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ma a duba shi. A Parakou akwai babban asibitin koyarwa na Borgou, a Djougou kuma akwai asibitin Ordre de Malte.

GA IYALI DA 'YAN'UWA

Ku 'ya'ya da jikoki, kada ku ce, "Baba, zauna kawai, mun hutar da kai." Ku karɓe masa kaya mai nauyi, ku bar masa aikin da zai iya. Ku raka Inna ta taka zuwa maƙwabta. A majami'a ma, a tanadi kujeru masu majingina domin dattawa, kada kuma a ga laifin wanda ya miƙe tsaye a tsakiyar taro.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

Minti nawa ka yi tafiya jiya? Wane magani kake sha, wa ya rubuta maka shi? Wane tsoho ne a unguwarku za ka raka tafiya a wannan mako?

Allah ya ƙara mana lafiya. Amin.