Rawani a Kai, Kambi a Takarda

Ba na tsammanin akwai mai zama a wannan aji, ko daga Hanwa ya fito ko daga Tudun Wada, da yake bukatar a faɗa masa abin da ake kira rawani, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan salla ya fi littafi sanin bambancin harsa da ɗan Kura, ya kuma san cewa kunne biyu alamar jinin sarauta ce. Kun sani kuma, in aka ce rawani ya koma gidan Mallawa, kamar yadda ya auku a 2020 da aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli bayan rasuwar Sarki Shehu Idris, ba ƙyalle ake nufi ba, mulki ake nufi. Saboda haka ba za mu daɗe a nan ba.

Turawan Ingila ba sa naɗi. Sarakunansu kambin zinariya ake aza musu, irin wanda Larabawa ke kira taji, kamar yadda aka aza wa Sarauniya Elizabeth a 1953. Sunan da suke kiransa, kirawun, sun gaje shi ne daga korona ta harshen Latin, wato zagayen ganye da Rumawa ke ɗora wa jarumi a ka in ya ci nasara, daga nan ne ma aka raɗa wa cutar korona suna, saboda surar ƙwayarta. Sannu a hankali kalmar ta yi rassa, har ta zama sunan tsakar kai, da saman haƙori, da wani kuɗinsu na azurfa mai darajar sule biyar, sa'an nan ta zama sunan hukuma ɗungum, ta yadda Ikko, wadda suka karɓe a 1861, aka riƙa kiranta mallakar kambi. Dattawan cikinku sun riƙe kwabo mai huda kafin zuwan naira a 1973, sun ga hoton kambin a bisa hudar. Kan sarki kuwa, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1840 da kan Sarauniya Victoria, har yau da sunan muke kiransa, alhali kawunan sarakunan Ingila sun daɗe da barin takardunmu.

To, ga inda mas'alar take. Tun daga wancan zamani mutanenmu suka ɗauki wata ɗabi'a, cewa duk takardar da suka ga an manna mata kan sarki, ko an buga mata hatimi, ko an zana mata wani tambari mai ƙawa a sama, to, ta zama hujja, sai su dangwala mata yatsa ba tare da sun san harafi guda na abin da ke cikinta ba. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. Kan sarki a gidan waya ake sayar da shi ga duk wanda ya miƙa kuɗi, hatimin roba kuwa akwai masu sassaƙa shi a bakin kasuwa, kuma ba sa tambayar mai saye ko shi mai gaskiya ne.

Wani maƙwabcina, mutum mai kirki amma mai gaggawa, bukatar aurar da 'ya ta taso masa, ya yi niyyar jinginar da gonarsa ta gado zuwa kaka biyu. Dillali ya iso bayan la'asar da takarda a naɗe, suka zauna a zaure, uwargida kuwa tana bayan ƙyaure da ludayi a hannu, tuwo na neman kamawa, amma kunnenta duk yana waje. Ta aiki ƙaramin yaro ya kira shi ciki.

Ta ce, "Malam, don Allah ka dakata yarinyar nan ta dawo daga Islamiyya ta karanta maka. Magariba fa ta kusa."

Ya ce, "Ke dai kin cika tsoro. Ba ki ga kan sarki ba? Har biyu! Ga hatimi ja a ƙasa. Yanzu sai in bar baƙo a zaure in ce ina jiran yarinya?"

Ta ce, "Kan sarkin ne zai noma mana dawa baɗi?"

Ya ce, "Koma kan tuwonki, ga shi can yana ƙauri."

Ya fita ya dangwala. Da yarinyar ta dawo ta ɗauki kofen da aka bar masa, ta karanta a hankali tana bin layi da yatsa, sai ta ɗaga kai ta ce, "Baba, ai nan ba jingina aka rubuta ba, an ce ka sayar." A daren nan ba wanda ya tuna da tuwon. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mutum uku na unguwar suna zaune a dakali sa'ad da abin ke gudana, biyu daga cikinsu sun iya karatu sarai, har ɗaya ya sa hannu a matsayin shaida, amma bai ga ya kamata ya duba abin da yake shaidawa ba, wai kada a ce ya cika shisshigi. Irin waɗannan maƙwabta su ne ke fara zuwa jaje.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba a wannan babi, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta yi umurni da marubuci adali da shaidu, ta kuma ɗora shiftar a kan wanda bashin ke wuyansa, wato shi ne zai faɗi abin da za a rubuta, ba a zo masa da rubutacce ya dangwala ba. Dokar ƙasa ta 1978 kuma ta sa filayen jiha a hannun gwamna bisa amana, saboda haka takardar mallaka daga ofishin hukuma take fitowa, ba daga aljihun dillali ba, kome yawan tambarin da ke kanta. Ina sake faɗa: kada ka dangwala, kada ka sa hannu, ko a matsayin shaida ne, sai ka karanta. In karatunka bai kai ba tukuna, ka sa naka ya karanta maka da ƙarfi a gaban mai unguwa, ba wanda ya kawo takardar ba. In da Turanci take, a fassara maka layi layi, ka tambayi wurin da aka rubuta adadin kuɗi, da iyakar fili, da wa'adi. Baƙo ya jira.

A zama mai zuwa kowa ya zo da takarda ɗaya daga gidansa mai ɗauke da hatimi ko kan sarki, ko rasit ne ko yarjejeniyar haya, za mu rufe tambarin da tafin hannu, mu nemo kalmomin nan uku a cikin rubutun: sayarwa, jingina, aro.