Bargon ƙyallaye: me ke lalata shi a wankin farko?

Tambaya: Wata uwargida daga Maiyama ta aiko da kukanta. Ta ce bayan ƙaramar Sallah ta aika aka tattaro mata ragowar ƙyallayen atamfa da shadda da yadi daga shagunan teloli, ta sayo zare a kasuwar Jega, ta harhaɗa bargo da kekenta, ta cusa masa auduga don yara su lulluɓa da shi idan hunturu ya kama. Wanki ɗaya aka yi masa ya tattare, ja ya zuba a kan fari, audugar ta dunƙule gefe guda, wasu mahaɗan kuma suka ɓarke. Tana tambaya ko keken ne ke da matsala.

Amsa: Hajiya, kekenki lafiyarsa lau. Yawancin ɓarnar ta faru ne tun kafin allura ta shiga ƙyalle, wato a wajen zaɓe da wanki da yanka.

Abu na farko, ƙyallayen shagon tela ba jinsi ɗaya ba ne. Yadin auduga zalla yakan tsuke a wankin farko, sau da yawa da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Wanda yake da roba kuwa kusan ba ya motsi. Idan kika ɗinke su gefe da gefe ba tare da kin wanke ba, ɗaya zai ja, ɗaya ya tsaya, sai mahaɗin ya tattare, kuma babu gugar da za ta miƙar da shi. Shadda ma tana da nata halin: sitati da bugu ne ke ba ta tauri da sheƙi, da zarar ta sha ruwa sai ta saki jiki.

Rarrabe su ba wuya. Ki yanki ɗan zare daga gefen ƙyallen, ki riƙe shi da bakin almakashi, ki kusanta masa ashana a tsakar gida, nesa da yara. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Mai roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Ki ware kowanne tulinsa daban. Bargo ya fi kyau da auduga. Masu robar ki ajiye su don jaka ko rigar matashin kujera.

Sai wanki. Ki jiƙa kowane launi a robarsa da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, musamman ja da shuɗi da baƙi. Ki yi ta ɗaurayewa har ruwan ya fita fes. Don ki tabbatar, ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai. In ya ɗauki launi, da sauran aiki. Mata da yawa na zuba gishiri wai don ya kama rini, amma gishiri ba ya hana atamfar da aka riga aka buga zuba. Wadda ta ƙi dainawa bayan wanki uku, ki fitar da ita daga aikin. In sun bushe a inuwa ki goge su tas kafin yanka.

Wajen yanka ne ake yawan ganganci. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a wannan aikin ƙima ba ta isa, sai awo. Ki yanki kwali mai kauri, inci 5 tsawo, inci 5 faɗi, ki riƙa ɗora shi kina zagayewa da alli. Gefen kwalin ya bi yadda zaren saƙar ya miƙe, domin ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin keke. Ki bar rabin inci a kowane gefe na ɗinki, abin da zai rage a fuska inci 4 ke nan. Mahaɗan da suka ɓarke miki, galibi bakin da kika bari ne ya yi siriri, zaren ya zazzare a wanki. Allura lamba 14 ta isa haɗa ƙyallaye, lamba 16 kuma idan kin zo ɗinke fuska da abin ciki da shafin baya tare.

Ga lissafi don ki san nauyin abin da za ki ɗauka. Bargon jariri mai inci 36 da 48 yana cin ƙyalle 108, jeri 12, kowane jeri guda 9. Na babban gado mai inci 84 ta kowane gefe yana cin 441. Ki fara da na jariri ko da rigar matashi. Ki haɗa jeri ɗaya ɗaya, ki goge mahaɗan jerin farko su kwanta dama, na biyu su kwanta hagu, ta haka kusurwoyi za su haɗu daidai ba tare da tudu ba.

Yanzu batun abin da ake sawa a ciki. Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Lifidin da ake sa wa dawaki, wanda har gobe ake gani a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, yadi ne falle biyu da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki kusa da kusa. Wannan ɗinkin shi ke tsare audugar a wurinta. Sakakkiyar auduga tana bukatar layin ɗinki kusan kowane inci 2, in ba haka ba ruwa zai tara ta wuri guda. Audugar rimi kuwa ki bar wa matashi da katifa, santsi gare ta, ba ta zama a bargon da za a riƙa wankewa. Hanya mafi sauƙi ita ce ta matan Bangaladash da gabashin Indiya: suna jera tsofaffin tufafinsu falle a kan falle su bi da ɗinkin hannu, abin da suke kira kantha. Ke ma tsofaffin zannuwanki biyu ko uku sun isa. Sun sha wanki, sun gama tsukewa, sun yi laushi, kuma layin ɗinki kowane inci 4 ya wadatar da su.

Ki shimfiɗa shafin baya a kan tabarma, ki ɗora zannuwan, sannan fuskar. Shafin ya ɗara fuskar da inci 2 ta kowane gefe. Ki riƙe su da manyan ɗinki na hannu da za ki zare daga baya, ki fara daga tsakiya kina yin waje, kina lailayewa da tafin hannu. Haka ma ɗinkin gaske, daga tsakiya ake farawa. A ƙarshe ki naɗo rarar shafin ta kan fuskar ki kalmashe.

Wanda ya riga ya lalace kada ki yar. Ki farke baki ɗaya ki zazzage audugar, ki jiƙa fuskar a ruwan zafi mai yawa da omo, kina sauya ruwan. Launin da ya zuba yakan ragu, amma kada ki sa bilic, zai cinye adon atamfar. Ki cire ƙyallayen robar da suka tattare ki maye gurbinsu da na auduga wankakku. In kin fara a farkon watan Oktoba kina haɗa jeri biyu a mako, bargon jariri zai kammala kafin sanyin Disamba ya shigo.