Yadda Ake Zaɓen Takalmin Birki Da Faifansa Ga Motocin Shiga Karkara

Ɗan kasuwar da ke aika motarsa ƙauyuka sayen hatsi, da ɗan kwangilar da ke kai siminti wurin da kwalta ba ta isa ba, duk sun san cewa mota irin su Toyota Land Cruiser, ko Hilux, ko Nissan Patrol, jari ce mai yawa. Sai dai akasarin masu waɗannan motoci sun fi kula da inji da taya, ba sa tunawa da birki sai ya fara ƙara. A lokacin ne akan ba direba kuɗi a ce ya sayo duk wanda ya samu. Wannan darasi zai bayyana abin da ya kamata mai mota ya sani kafin ya saya, domin birkin da ya dace da motar yawon gari ba lalle ba ne ya ɗauki wahalar burji da taɓo.

Abin da birki ke fama da shi

Idan direba ya taka birki, man birki yakan tura wani maƙalli da kanikawa ke kira kalifa, shi kuma ya matse takalma biyu a jikin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Gogayyar da ke tsakaninsu ita ke tsayar da mota, kuma duk ƙarfin gudun motar zafi yake komawa. Birkin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na wannan aiki. Idan nauyin mota ya ninka, zafin ya ninka; idan gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu.

Motar karkara tana haɗuwa da abubuwa uku da motar gari ba ta sani ba. Na farko nauyi, domin Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya idan aka yi mata lodi takan kai tan uku. Na biyu yashi da taɓo, waɗanda ke shiga tsakanin takalmi da faifai suna cinsu kamar ana goga dutsen washi. Na uku doguwar gangara, irin wadda ake saukowa daga tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda faifai kan yi zafin da ya haura digiri 400 a ma'aunin Salshiyas. Wanda kuma ya sa wa motarsa tayoyin da suka fi na asali girma ya ƙara wa birki aiki, ko da bai ƙara lodi ba.

Takalmi iri uku

Iri na farko shi ne wanda ake haɗawa da zare da roba da ƙaro. Ya fi araha, ba ya ƙara, ba ya cin faifai, amma yana saurin ƙarewa, kuma da zarar ya yi zafi sai kamunsa ya ragu. Wannan na ƙananan motoci ne masu zirga-zirga cikin gari.

Iri na biyu shi ne mai gaurayen ƙarfe, wanda kusan rabinsa garin ƙarfe ne. Yana jure zafi, yana kamawa tun da sanyin safiya, kuma ba ya saurin sarewa a ƙarƙashin lodi. Aibinsa shi ne ƙara, da baƙar ƙura a jikin wili, da cin faifai fiye da sauran. Duk da haka shi ne ya fi dacewa da motar da ke ɗaukar kaya, ko jan tirela, ko hawa da sauka a kan duwatsu.

Iri na uku shi ne na seramik. Yana da tsada, ba ya ƙara, ƙurarsa kaɗan ce, yana kuma daɗewa a kan kwalta. Mutane da yawa sukan ɗauka tsadarsa alama ce ta cewa ya fi kowanne, alhali an yi shi ne domin jin daɗin tuƙi. Jif ɗin da ke kai maigida ofis a Abuja za ta amfana da shi. Wadda ke ɗebo buhunan masara daga ƙauye ta fi bukatar mai gaurayen ƙarfe.

Zaɓen faifai

A kasuwa akwai faifai mai sumul, da mai tsage-tsage, da mai huje-huje. Mai huje-huje yana da ban sha'awa a ido, amma a hanyar karkara taɓo da tsakuwa sukan toshe ramukan, sa'an nan idan zafi ya yi yawa tsagewa takan fara daga bakinsu. Mai tsage-tsage yana share ruwa da laka daga fuskar takalmi, sai dai yana saurin cinye shi. Ga yawancin motocin aiki, faifai mai sumul na ƙarfe mai kyau, irin wanda ke da kafofin iska a tsakiyarsa kamar na asali, shi ne zaɓin da ya fi riba.

Kowane faifai yana da iyakar kaurin da aka yarda ya kai, kuma an buga adadin a jikinsa cikin milimita, galibi bayan haruffan MIN TH. A sa bakanike ya auna da ma'auni a gaban mai mota. Idan kaurin ya kai iyakar, ko akwai tsagewa, ko fedar birki tana rawa a ƙarƙashin ƙafa, lokacin canji ya yi. Kai faifai wurin mai injin sassaƙa domin a daidaita fuskarsa ba laifi ba ne, muddin ba zai sauka ƙasa da wannan iyaka ba. Shi kuwa takalmi, sabo yakan kai milimita 10 zuwa 12, kuma ya kamata a cire shi idan ya rage milimita 3. Motoci da yawa irin Hilux birkin bayansu na ganga ne, shi ma a buɗe a duba, domin laka takan taru a ciki.

Yadda ake gane na ƙwarai

Kada a tafi kasuwa da sunan mota kawai. Hilux tana fitowa tun 1968, jerin Land Cruiser 70 kuwa tun 1984, kuma girman birkinsu ya sha canzawa. A tafi da lambar shasi mai haruffa da alkaluma 17, da tsohon takalmin domin gwadawa.

A gefen takalmi na ƙwarai akan ga haruffa biyu kamar EE, ko FF, ko GG. Na farko yana nuna ƙarfin kamu lokacin da birki bai yi zafi sosai ba, na biyu kuma bayan ya yi zafi. Harafin F ya fi E kamu, G kuma ya fi F. Ga motar lodi, kada harafi na biyu ya kasa na farko. Alamar ECE R90 kuma tana nufin an gwada kayan bisa ƙa'idar Turai, wadda ta ce aikinsu kada ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin 100.

Sunayen kamfanoni irin su Akebono, Ferodo, Bosch da Brembo sanannu ne, kuma saboda haka ne masu jabu suka fi kwaikwayon kwalayensu. Ko a Ladipo ta Legas ne, ko Nnewi, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, a sayi kaya wurin dillalin da zai ba da rasiɗi ya kuma karɓa idan an mayar. A duba mannin da ke tsakanin takalmi da ƙarfen bayansa, domin a nan jabu ke ɓallewa. Takalmin birki na gwanjo kuwa a bar shi, tun da ba wanda ya san zafin da ya sha.

Ɗaurawa da man birki

Ana canza takalmi da faifai ne dama da hagu tare. Canza gefe ɗaya yakan sa mota ta fizga idan an taka birki. A wanke kalifa, a shafa wa sandunanta man da aka yi domin haka, a tabbata robobinsu ba su yage ba. Bayan ɗaurawa a nemi hanya marar cunkoso, a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau goma ba tare da tsayawa cak ba, sa'an nan a yi tafiya a hankali har birkin ya huce.

Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a digiri 155, sai feda ta nutse a tsakiyar gangara. Saboda haka a canza shi duk shekara biyu, kuma kada a haɗa DOT 5 da sauran. A kuma umarci direba ya sauko gangara da ƙaramar giya, ya taka birki a hankali bayan ƙetare rafi domin ya bushe.

Lissafin ɗan kasuwa

Alal misali, a ce takalmi na Naira 15,000 ya yi kilomita 8,000, na Naira 30,000 kuma ya yi 24,000. Mai araha sai an saye shi sau uku, watau Naira 45,000, ban da kuɗin bakanike sau uku da kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo ba. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Mai mota ya ajiye littafi yana rubuta irin takalmin da aka sa, da ranar, da adadin kilomita. Bayan canji biyu ko uku, littafin zai nuna masa wanda ya dace da hanyarsa da lodinsa, ya kuma riƙa sa a cire taya a duba birki a farkon damina da ƙarshenta.