Gida ya yi sanyi amma danshi bai tafi ba: darasi kan na'urar sanyaya gida ta ƙarƙashin ƙasa

Darasinmu na yau zai duba wani ƙorafi da ake yawan ji daga masu gidaje a Amurka da Kanada bayan an saka musu sabuwar na'urar jiyotamal. Mutum ya kashe kuɗi masu yawa, ɗaki ya yi sanyi, amma jiki na danƙo, zanin gado kamar bai bushe ba, gilashin taga na zufa.

Yadda na'urar take aiki

Idan aka haƙa ƙasa 'yan mitoci, zafinta ba ya sauyawa sosai tsakanin rani da hunturu. Saboda haka ake binne dogayen bututun roba, ruwa yana zagayawa a ciki. Lokacin zafi na'urar tana kwashe zafin gida ta zuba shi cikin ƙasa, lokacin sanyi kuma ta jawo ɗumin ƙasa zuwa cikin gida. A cikinta akwai kwamfureso da gas da kwayil, kamar dai na iyakwandishan da muka sani.

Na'urar sanyaya ɗaki aiki biyu take yi: rage zafi da cire ruwan da ke cikin iska. Ka tuna yadda kwalbar lemo mai sanyi take zufa idan an fito da ita daga firji. Haka kwayil yake yi. Iskar ɗaki tana bi ta kansa, tururin da ke cikinta ya zama raɓa, ya ɗiga ya fita ta bututun ruwa. Iska mai zafin digiri 24 da danshi kashi 50 cikin ɗari ba ta fara sakin ruwa sai ta taɓa abin da ya yi sanyin kusan digiri 13. Idan kwayil bai kai wannan sanyin ba, ko bai daɗe yana aiki ba, ruwan yana nan cikin iska.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ba da shawarar kada danshin cikin gida ya kai kashi 60, an fi son ya tsaya tsakanin 30 da 50. Idan ya wuce haka, fumfuna na samun wurin zama a bango da tufafi, katako na kumbura, masu asma kuma su fi kowa jin jiki.

Me ke jawo matsalar?

1. Na'ura ta fi ƙarfin gida. Wannan shi ne babban dalili. A wurare masu tsananin sanyi, galibi ana zaɓar girman na'urar ne bisa buƙatar ɗumama gida a hunturu, sai ta yi wa aikin sanyayawa yawa. Ƙari a kan haka, ruwan da ke dawowa daga ƙasa yana da sanyi, musamman a farkon lokacin zafi, wanda ke ƙara mata ƙarfi. Sai ta sanyaya ɗaki cikin 'yan mintuna ta mutu, kafin ruwa ya fara ɗiga daga kwayil. Na'urar saita zafi da ke bango ta gamsu, domin zafi kawai take aunawa, amma danshi bai motsa ba.

2. Fanka tana gudu fiye da kima. Ƙarfin waɗannan na'urori ana auna shi da tan, tan ɗaya kuma kusan kilowat 3.5 ne na sanyi. Ƙa'idar da aka saba ita ce iska CFM 400 ga kowane tan. Idan iska ta wuce da sauri, kwayil ba ya yin sanyi sosai. A yankuna masu danshi kamar Fulorida da Luwiziyana, masu gyara kan rage ta zuwa wajen 350 don kwayil ya ƙara sanyi ya matse ruwa.

3. An bar fanka a kan ON. Idan kwamfureso ya tsaya, kwayil yana jiƙe. Fankar da ke ci gaba da juyawa za ta busar da ruwan nan ta mayar da shi ɗaki.

4. Iskar waje na shigowa. Idan bututun da ke janyo iska yana yoyo a cikin silin ko ƙarƙashin gida, na'urar za ta riƙa zuƙo iska mai laima daga can.

5. Sabon gini. Siminti da filasta suna ɗaukar watanni suna fitar da ruwa, don haka shekarar farko takan fi danshi.

6. Tsarin da ba ya cire danshi tun asali. A Jamus da wasu ƙasashen Turai akwai gidajen da ake zagaya ruwan sanyi ta ƙarƙashin daɓe ba tare da kunna kwamfureso ba. Yana cin wuta kaɗan, amma ba shi da kwayil da zai matse iska. Idan aka sanyaya ruwan da yawa ma, daɓen ne zai fara zufa.

Matakan gyara

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Sayi ƙaramin ma'aunin danshi, ka rubuta abin da yake nunawa safe da yamma na 'yan kwanaki. Mayar da fanka kan AUTO. Duba filta, ka kuma leƙa bututun ruwa ka ga ko yana ɗiga a rana mai laima. Sannan ka riƙe agogo: idan na'urar tana mutuwa kafin minti goma a rana mai zafi, akwai alamar ta yi girma.

Kada ka yi ta rage lambar zafi da nufin korar danshi. Ɗaki zai ƙara sanyi, kuɗin wuta ya ƙaru, bango da bututu kuma su fara raɓa.

Daga nan sai ka kira wanda ya saka maka, tun garanti bai ƙare ba. Ka nemi ya auna yawan iskar da ke wucewa, ya rage gudun fanka, ya duba gas, ya toshe duk inda bututu ke yoyo. Idan na'urar mai mataki biyu ce ko mai sauya gudu, a saita ta ta daɗe a ƙaramin mataki, domin aiki a hankali na tsawon lokaci ya fi cire ruwa. Ka kuma nemi ya nuna maka lissafin buƙatar gidan, wanda a Amurka ake kira Manual J. Idan duk an yi wannan danshi bai sauka ba, mafita ita ce a ƙara na'urar tsotse danshi ta daban.

Darasin nan ya shafi mai iyakwandishan na yau da kullum ma. Wanda ya saka mai doki biyu a ƙaramin ɗaki zai iya ganin irin wannan a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama. Kafin ka sayi na'ura, a auna ɗakin tukuna.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.